Wa ke zaɓar sanata? Daga Cheras zuwa Rum da Abuja

Unguwar Cheras, wadda ɗalibanmu na Malesiya suka sani saboda Jami'ar UCSI da kasuwar daren Laraba ta Taman Connaught, ta rabu gida biyu a hukumance. Wani ɓangare nata yana cikin babban birnin tarayya, Kuala Lumpur, ɗayan kuma yana cikin jihar Selangor. In ka hau jirgin MRT na layin Kajang daga Taman Connaught ka sauka a Batu 11 Cheras, ka ƙetare iyaka ke nan, ko da yake ba wanda zai tsayar da kai a hanya.

Wannan iyaka tana da tasiri a kan ƙuri'ar mutum. Ɗan Malesiya da ke zaune a ɓangaren Selangor yana zaɓar ɗan majalisar dokokin jiha, su kuma 'yan majalisar su zaɓi sanatoci biyu da za su wakilci jihar. Wanda ke ɓangaren Kuala Lumpur ba shi da majalisar jiha tun da aka yanke birnin daga Selangor a ranar 1 ga Fabrairu, 1974. Sanatoci biyu da ke wakiltar birnin naɗa su ake yi, haka ma magajin garin. Ƙuri'a ɗaya ce a hannunsa, ta ɗan Majalisar Wakilai, kamar Tan Kok Wai da ke riƙe da mazaɓar Cheras tun 1995.

To, a ce a bene ɗaya da shi akwai ɗan Italiya da ya yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarsa. Shi wannan baƙo, idan zaɓe ya zo, takardar ƙuri'a ce za ta same shi har gida ta hanyar gidan waya, ya zaɓi sanatan da zai zauna a birnin Rum da sunansa. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Sakkwato kuwa yana da sanata a Abuja, amma ba shi da halin zaɓarsa sai ya sayi tikitin jirgi ya koma mazaɓar da ya yi rajista.

Yadda aka yi maƙwabta uku suka bambanta haka labari ne mai tsawo, kuma rayuwar wani dattijon Italiya mai suna Luigi Einaudi ta ratsa mafi yawansa.

Majalisar da ake naɗa mafi yawan 'ya'yanta

Majalisar Dattawan Malesiya, wadda suke kira Dewan Negara, tana da kujeru 70. Jihohi 13 na ƙasar kowace tana aiko mutum biyu ta hannun majalisar dokokinta, 26 ke nan. Sauran 44 Sarkin ƙasar ne, Yang di-Pertuan Agong, ke naɗa su bisa shawarar firaminista, ciki har da biyu na Kuala Lumpur, ɗaya na Labuan da ɗaya na Putrajaya. Wa'adin sanata shekara uku ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya, kuma sai mutum ya kai shekara 30 da haihuwa.

Ba haka aka fara ba. Lokacin da majalisar ta soma zama a 1959, wakilan jihohi 22 ne, naɗaɗɗu 16. Gyare-gyaren da aka riƙa yi wa kundin tsarin mulki ne suka juya lissafin, har naɗaɗɗu suka rinjayi wakilan jihohi. Sashe na 45 na kundin ya bai wa majalisar ƙasa damar mayar da zaɓen sanatoci hannun jama'a kai tsaye, ko ta rage naɗaɗɗun, ko ta soke su baki ɗaya. Babu gwamnatin da ta taɓa amfani da wannan dama.

Manufar naɗin, kamar yadda kundin ya zayyana, ita ce a shigo da waɗanda suka yi wa ƙasa hidima ko suka yi fice a sana'a, kasuwanci, noma da al'adu, da masu wakiltar tsirarun ƙabilu da 'yan asalin daji da ake kira Orang Asli. An samu lokutan da aka cika wannan manufa. A 2007 an naɗa Farfesa Ismail Salleh, masanin tattalin arziki kuma makaho, a 2020 kuma aka naɗa Ras Adiba Radzi domin ta yi magana da yawun masu buƙata ta musamman.

Sai dai kujerar tana da wani amfani da 'yan siyasa suka fi so. A Malesiya dole minista ya kasance ɗan ɗaya daga majalisun biyu. Saboda haka in firaminista yana son wani ya zama minista alhali bai ci zaɓe ba, sai ya sa a naɗa shi sanata. Ta nan Tengku Zafrul, shugaban wani babban banki, ya zama ministan kuɗi a watan Maris na 2020, kuma ta nan tsohon Muftin yankunan tarayya, Zulkifli al-Bakri, ya zama ministan harkokin addini a wannan watan. Saifuddin Nasution ya faɗi zaɓen Nuwamba 2022, bayan makonni biyu aka rantsar da shi sanata kuma ministan cikin gida. 'Yan Malesiya na kiran wannan shiga ta ƙofar baya.

Ƙarfin majalisar kuma taƙaitacce ne. Ba ta iya kashe ƙudurin da Majalisar Wakilai ta amince da shi, jinkirta shi kawai take yi: wata ɗaya in na kuɗi ne, shekara ɗaya in wani ne daban. Ko wannan ma sai a watan Satumba na 2018 ta fara gwada shi, lokacin da ta ƙi amincewa da soke dokar yaƙi da labaran ƙarya. Dalili a bayyane yake. Gwamnatin Barisan Nasional ta faɗi a watan Mayu na shekarar, amma sanatocin da ta kawo suna nan daram, domin ba a rushe wannan majalisa idan zaɓe ya zo. A ƙarshen 2019 dai aka soke dokar. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Farfesan da ya zauna a majalisu biyu

Italiya ta riga Malesiya ɗanɗana wannan tsari da fiye da shekara ɗari. Kundin da Sarki Carlo Alberto na Sardiniya ya bayar a ranar 4 ga Maris, 1848, wanda daga baya ya zama na Italiya gaba ɗaya, ya kafa majalisar dattawa wadda sarki ke naɗa dukkan 'ya'yanta, kuma su zauna har mutuwa. Ana ɗebo su daga rukuni 21, irin su manyan limaman coci, janar-janar, alƙalai, jakadu da masu biyan haraji mai yawa. Ba a ƙayyade adadinsu ba. Wannan ya bai wa kowane firaminista makami: in majalisar ta yi masa taurin kai, sai ya kai wa sarki jerin sunayen mutanensa a zuba su a ciki.

A watan Oktoba na 1919 aka naɗa Luigi Einaudi cikin wannan majalisa. An haife shi a 1874 a ƙauyen Carrù da ke yankin Piedmont, ya koyar da ilimin kuɗin gwamnati a Jami'ar Turin, kuma yana rubutu a jaridar Corriere della Sera. Shekara uku bayan naɗinsa Benito Mussolini ya karɓi mulki.

A nan ne za a auna ko kujerar rai-da-rai tana sa mutum ya yi magana ba tsoro. Da farko Einaudi ya ga alheri a manufofin tattalin arzikin sabuwar gwamnati. Bayan kisan ɗan majalisa Giacomo Matteotti a 1924 ya ja da baya, a 1925 kuma ya sa hannu a takardar da masanin falsafa Benedetto Croce, shi ma sanata, ya rubuta ta adawa da mulkin kama-karya. Amma a 1931, lokacin da aka tilasta wa malaman jami'a kusan 1,200 yin rantsuwar biyayya ga gwamnatin, mutum goma sha biyu ne kacal ko kusa da haka suka ƙi, kuma Einaudi ba ya cikinsu. Ya yi rantsuwar, ya riƙe ajinsa.

Ita ma majalisar ba ta tsayar da komai ba. Mussolini bai ga buƙatar rushe ta ba, cika ta da mutanensa kawai ya yi. A 1929 Croce ya tashi ya soki yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da fadar Paparoma, sanatoci shida ne kawai suka ƙi amincewa. A 1938 majalisar ta amince da dokokin wariya da suka kori Yahudawa daga makarantu da aikin gwamnati.

A watan Satumba na 1943, sojojin Jamus sun mamaye arewacin Italiya, Einaudi yana da shekara 69 ya ƙetare duwatsun Alps ya tsere Suwizalan. Ya dawo a ƙarshen 1944, ya zama gwamnan babban bankin ƙasar a 1945. A ƙuri'ar raba-gardama ta Yuni 1946 ya goyi bayan a bar sarauta, jama'a kuma suka zaɓi jamhuriya. Duk da haka a ranar 11 ga Mayu, 1948, 'yan majalisa suka zaɓe shi shugaban wannan jamhuriya da bai so a kafa ba.

Sabon kundin ya mayar da majalisar dattawa ta zaɓe, ya ba ta ƙarfi daidai da na Majalisar Wakilai, har tana iya kayar da gwamnati. Amma an bar ɗan gurbi ga tsohon tsari. Sashe na 59 ya ce duk tsohon shugaban ƙasa sanata ne har mutuwa, kuma shugaba mai ci na iya naɗa mutum biyar da suka ɗaga martabar ƙasa a fagen ilimi, fasaha, adabi ko hidimar jama'a.

Einaudi ne ya fara amfani da wannan iko, kuma sunayen da ya zaɓa sun nuna abin da ke ransa. A Disamba 1949 ya naɗa Guido Castelnuovo, masanin lissafi Bayahude da ya shirya wa ɗaliban da aka kora darussan jami'a a ɓoye a lokacin yaƙi. Tare da shi ya naɗa shahararren jagoran makaɗa Arturo Toscanini, wanda washegari ya aiko da saƙo daga Amurka cewa ya gode amma ba ya so. A 1950 ya naɗa masanin tarihi Gaetano De Sanctis, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun nan da suka ƙi rantsuwar 1931 suka rasa aikinsu. Wanda ya rantse ne ya karrama wanda ya ƙi. Da wa'adinsa ya ƙare a 1955, shi ma ya koma majalisar a matsayin sanata na rai-da-rai, ya zauna har rasuwarsa a ranar 30 ga Oktoba, 1961.

Waɗanda suka biyo baya ba duka suka tsira daga surutu ba. Giulio Andreotti, wanda ya yi firaminista sau bakwai, ya samu kujerar a 1991, a 1993 kuma majalisar ta ba da izinin gurfanar da shi kan zargin alaƙa da 'yan Mafiya. Mario Monti an naɗa shi a ranar 9 ga Nuwamba, 2011, mako ɗaya bayan haka ya zama firaminista ba tare da ya taɓa tsayawa zaɓe ba. Har gobe akwai 'yan Italiya da ke cewa a soke kujerun.

Namu dattawan

Najeriya ma da naɗi ta fara. A Arewa akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna, inda sarakuna masu daraja ta ɗaya ke zama saboda rawaninsu. Majalisar Dattawa ta tarayya da ta fara aiki a 1960 tana da kujeru 44: kowane yanki daga cikin ukun yana da 12 da majalisunsa suka tsayar, Legas na da huɗu ciki har da Oban Legas, sai huɗu da ake naɗawa bisa shawarar Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kamar ta Malesiya, jinkirta doka kawai take iya yi. Kamannin ba abin mamaki ba ne, domin a shekaru kusan ɗaya Ingila ta sallami ƙasashen biyu. Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko, na ƙarshe kuma Nwafor Orizu, wanda yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa ya miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi a Janairu 1966.

Daga 1979 aka koma salon Amurka, jama'a ke zaɓar sanatoci kai tsaye. A lokacin 95 ne, biyar daga kowace jiha 19. Yanzu 109 ne, uku daga kowace jiha 36, da ɗaya na Abuja. Mutumin Abuja ba shi da gwamna ko majalisar jiha, kamar mutumin Kuala Lumpur, amma ya fi shi da zaɓar sanatansa. Babu kujerar naɗi ko ɗaya, kuma sanatan da aka ba minista sai ya ajiye kujerarsa.

Ƙorafin da ake yi a gida daban ne. Mutane na cewa majalisar ta zama wurin hutun tsofaffin gwamnoni, kuma a Arewa sunayen ba su da wuyar lissafawa: Kabiru Gaya, Rabi'u Kwankwaso da Ibrahim Shekarau daga Kano, Ahmed Maƙarfi daga Kaduna, Ahmad Sani Yarima daga Zamfara, Aliyu Wamakko da Aminu Tambuwal daga Sakkwato. Duk sun je ne da ƙuri'ar jama'a. Masu neman a soke majalisar saboda tsada suna kafa hujja da Senegal da ta soke tata a 2012 da Muritaniya a 2017. Nijar kuwa ta tanadi majalisar dattawa a kundin tazarce na Mamadou Tandja a 2009, amma juyin mulkin Fabrairu 2010 ya zo kafin a kafa ta.

Masu kare ta su ma suna da abin faɗa. A ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ce ta binne gyaran kundin da zai bai wa Olusegun Obasanjo wa'adi na uku. A ranar 9 ga Fabrairu, 2010, lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ke jinya a Saudiyya ƙasa ta rasa mai sa hannu, majalisar ce ta fara zartar da matsayar da ta bai wa Goodluck Jonathan riƙon ƙwarya. Majalisar da Mussolini ya cika da naɗaɗɗu ba ta taɓa yin irin wannan ba.

Ƙuri'ar mazauna waje

Kujerar da ta fi shafar mai karatu ita ce wadda Italiya ta ƙirƙira daga baya. Dokar Disamba 2001, wadda Mirko Tremaglia ya kwashe shekaru yana fafutuka a kanta, ta bai wa 'yan Italiya mazauna waje damar zaɓar nasu wakilai ta gidan waya. An raba duniya mazaɓu huɗu: Turai, Kudancin Amurka, Arewaci da Tsakiyar Amurka, sai Afirka da Asiya da yankin Ostireliya a haɗe. An ware musu sanatoci shida da 'yan Majalisar Wakilai 12. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 2020 da ta rage zaɓaɓɓun sanatoci daga 315 zuwa 200, nasu ya koma huɗu da takwas.

A gwajin farko, a 2006, waɗannan kujeru suka yanke hukunci. A cikin gida ɓangaren Silvio Berlusconi ne ke gaba a majalisar dattawa da kujera ɗaya, 155 da 154. Da aka ƙirga ƙuri'un waje, Romano Prodi ya samu huɗu daga cikin shida, ya kafa gwamnati. Tremaglia ministan Berlusconi ne, dokarsa kuma abokan hamayya ta yi wa rana. Gwamnatin ta rayu da tallafin dattawan rai-da-rai, ciki har da masaniyar kimiyya Rita Levi-Montalcini da ke zuwa jefa ƙuri'a tana da shekara 97, har ta faɗi a wannan majalisa a Janairu 2008.

Tsarin yana da rauni. Takardar da aka aika gida ba wanda ya san hannun da ya cika ta. A 2010 Sanata Nicola Di Girolamo na mazaɓar Turai ya yi murabus bayan zargin cewa wata ƙungiyar masu laifi ce ta tara masa ƙuri'u a Jamus. Italiya dai ba ta soke ƙuri'ar mazauna waje saboda haka ba.

A wannan majalisa ce kuma wani haifaffen Gusau ya zauna. Toni Iwobi, wanda aka haifa a 1955 ga iyaye 'yan ƙabilar Ibo, ya tafi Italiya karatu a shekarun 1970, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya yi shekaru yana kansila a garin Spirano. A Maris 2018 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa sanata a Italiya, a ƙarƙashin jam'iyyar Lega, wadda aka sani da tsananin adawa da baƙin haure. Wannan ya jawo masa suka daga 'yan asalin Afirka da yawa, ciki har da ɗan ƙwallo Mario Balotelli. Ko me mutum zai ce game da jam'iyyarsa, ɗalibin da ya shiga ƙasar da bizar karatu ya kai kujerar da Einaudi ya zauna a kai.

Nijar ta ware wa 'yan ƙasarta mazauna waje kujeru biyar cikin 171 a majalisar da aka zaɓa a 2016. 'Yan Malesiya da ke waje suna jefa ƙuri'a ta gidan waya tun 2013. 'Yan Najeriya kuwa, waɗanda alƙaluman Bankin Duniya suka nuna suna aika kusan dala biliyan 20 gida a shekara, sun kalli zaɓen 2023 ne ta waya da talabijin. Sashe na 77 na kundin 1999 ya ɗaura rajistar mai zaɓe da zama a cikin Najeriya. A ranar 1 ga Maris, 2022, an kawo ƙudurin gyara wannan a gaban majalisun biyu, suka yi watsi da shi.

Ɗalibin da ke Cheras ba shi da hurumi a siyasar masu masaukinsa, dokar taruka ta Malesiya ta 2012 ma ba ta bai wa baƙo damar shiga zanga-zanga ba. Tasa maganar tana Abuja. Gyaran kundi na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, wato sanatoci 73, sannan majalisun jihohi 24 su amince. Kowane ɗan Najeriya da ke waje yana da sanata ɗaya da sunan mazaɓarsa, yana kuma da iyaye da 'yan uwa masu katin zaɓe a wannan mazaɓa, waɗanda da yawansu da saƙonsa ake cefane. Ƙungiyoyin ɗalibai da na 'yan kasuwa na iya rubuta wa sanatocinsu su tambaye su inda suka tsaya a kan batun, su kuma sanar da gida amsar da suka samu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gyaran kundi yakan ɗauki shekaru kafin ya kai ga akwatin zaɓe.